Ma'anar Littafi a Bakin Kawu

Kawuna, yayan mahaifiyata, mutum ne da in ka tambaye shi ƙarfe nawa zai tsaya yana kallon agogo kamar yau aka fara nuna masa shi. Ba kurumta ba ce, ba kuma wulaƙanci ba. Tafiya yake yi a cikin kansa, sai ya dawo sannan ya ba ka amsa. Ni kuwa Allah bai ba ni haƙurin jira ba, shi ya sa tun ina ƙarama ya laƙaba mini Gaggawa, sunan ya bi ni har gidan miji.

A laburare ya ƙare ƙarfinsa. Ba a saman bene ba, inda ake da fanka da manyan tagogi. Ɗakinsa a ƙasa yake, can ƙarshen wani dogon baranda, kusa da inda masu shara ke ajiye bokiti da tsintsiya. Da farko kati yake rubutawa, kowane littafi da katinsa: suna, marubuci, shekara, yawan shafi. Da kwamfuta ta zo aka kwashe durowoyin katin, aka ajiye masa sikana, wata na'ura mai murfi da gilashi, aka ce ya riƙa ɗaukar hoton tsofaffin littattafai shafi bayan shafi kafin gara da danshi su gama da su.

Shekara goma sha wani abu ya yi a kan wannan aiki. A lokacin na buɗe shagon buga takardu a layin da ke bayan laburaren, don haka ni nake kai masa abincin rana in Inna, matarsa, ta aiko. Har yanzu in na rufe ido ina ganin ɗakin. Zai kifa littafi a kan gilashi, ya danne bayansa da tafin hannu a hankali kamar mai lallashin jariri, sai wani haske kore-kore ya ratsa ƙarƙashin gilashin ya tafi ya dawo. Ya ɗaga, ya juya shafi, ya sake kifawa. Hasken ya hau gemunsa ya sauka. Abincin ya huce a gefe, ni ina ta tsaki, shi kuwa yana wata duniya. Ya taɓa ce mini tsofaffi ne yake kama wa hannu yana ƙetarar da su titi, ɗaya bayan ɗaya, kuma ba a jan tsoho da gudu.

Abin da ya ɗauka duka yana shiga kwamfutar laburare. Ita kuma tana fitar da wani jeri, wato sunayen littattafai da murfinsu da hanyar sauke kowanne, manhajojin karatu na waya su zo su kwasa su nuna wa mutane. Dubban littattafan da ke jerin laburarenmu, in ka cire 'yan tsiraru, duk ta hannun Kawu suka bi. Bai taɓa rubuta littafi ba, bai gina gida ba, ɗa ɗaya Allah ya ba su kuma yana nesa. Wannan jerin shi ne abin da zai nuna a ce ya zo duniya. Inna takan ce da littattafan nan sun iya wanke kwano da ta huta.

Bayan ya yi ritaya sai ya zama ba ya da wurin zuwa da safe, ya riƙa zama a kan benci a shagona yana kallon firinta tana aman takarda. Ana cikin haka aka aiko masa. Ashe laburarori da yawa kowa yana tsara jerinsa yadda ya ga dama, manhajojin kuma suna ruɗewa: abin da wannan ya kira marubuci wancan ya kira mai tsarawa, littafi ɗaya ya fito sau uku, wani ya fito ba murfi. Sai aka kafa kwamiti don a rubuta ƙa'ida guda wadda kowa zai bi. Shugabar kwamitin ta taɓa zama ƙaramar ma'aikaciya a saman benen nan, ta san shi. Ta ba shi sashen da kowa ya gudu ya bari, wato na ma'anar kalmomi, inda za a ce in ƙa'idar ta ambaci kaza, to ga abin da take nufi, ba ƙari ba ragi.

Wai don Allah, a rasa wanda za a ba wannan aiki sai mutumin da ke yin rabin awa kafin ya zaɓi hula.

Yadda yake yi shi ne, ya rubuta ma'anar kalma a kan tsohon katin laburare, cikin waɗanda ya kwaso da aka zubar, ya sa a aljihun gaba, ya fita da ita yawo. Haka yake cewa, zai fita da ita ta sha iska. Duk abin da ya tarar a hanya sai ya gwada mata. Ya tsaya wurin tela ya ɗauki kundin hotunan ɗinki, ya tambayi katin ko wannan yana da marubuci. Ya tsaya a kantin magani ya warware takardar nan mai ƙananan rubutu da ke cikin kwali, ya ga ko ma'anar murfi ta kama kwalin. Kalandar da ke bangon mai aski ta hana shi sukuni kusan mako guda a kan kalmar bugu, don kowace shekara ana sake ta, amma ba za a ce bugu na biyu ba ne. In ma'ana ta haɗiye abin da bai kamata ba, ko ta tofar da abin da ya kamata ta riƙe, sai ya dawo ya sake kati. Mutanen layin sun saba. Mai aski har ajiye masa takardu yake yi.

Ni ke buga masa a kwamfuta. Sai in gama, in tura wa kwamiti, bayan kwanaki ya dawo ya ce a cire wani "da" a sa "ko". Na sha ce masa wallahi da wani ne da tuni na kore shi daga shagon. Sai ya yi murmushi ya ce ai shi ya sa bai je wurin wani ba.

Katin ne ya fara nuna mini akwai matsala. Rubutun Kawu ƙanana ne, a tsaye, kamar na inji. Sai na ga yana girma. Ma'anar da da take zama a rabin kati ta koma cin kati biyu, daga baya uku, layukan suna gangarawa gefe. Ran nan ya zuba shayi a gefen kofi, ya tsaya yana sauraron ƙarar zubarsa a kan tebur. Wata rana da idona na ga ya yi wa gangar ruwa sallama a ƙofar shago. Na rufe shagon na ja shi asibiti yana cewa ba komai. Likita ya duba ya ce ba yanar ido ba ce da ake cirewa, can ciki ne, za a iya rage masa gudu amma abin da ya tafi ya tafi.

Na yi kuka a hanya, shi yana ba ni haƙuri kamar idona ne. Ya ce in daina, ai titi bai taɓa yi masa kyau kamar yanzu ba. Wai komai ya yi laushi. Motoci sun zama launuka masu wucewa, mutane kuma suna tahowa kamar ta bayan gilashin da ruwa ya jiƙa, babu mai tsufa, babu mai ɓata rai. Bishiyar bakin layi ta zama wani koren hayaƙi da ke tsaye wuri ɗaya. Ya ce har ni na yi kyau. Na ce masa ya ji da kansa.

Da karatu ya gagare shi sai na kunna masa muryar waya, wadda ke karanta wa mutum abin da ke kan allo. Wata la'asar ce, shagon ba kowa, fanka tana juyawa a hankali. Na buɗe masa wani sabon littafi daga jerin, muryar ta kama karantawa tiryan-tiryan. Ya jingina da bango ya lumshe ido, yana gyaɗa kai. Can ya ce in buɗe masa ɗaya daga cikin nasa, wani tsohon littafi a kan taurari da ya ce ya fi kowanne ba shi wahala a kan gilashi saboda ɗinkinsa ya saki. Na nemo na buɗe.

Muryar ta ce, "Shafi na ɗaya. Hoto. Shafi na biyu. Hoto. Shafi na uku. Hoto."

Na kai hannu zan kashe, ya riƙe mini wuyan hannu. Haka muka zauna tana ta ƙirga masa shafuka, kowanne hoto, har ta yi nisa. Na fara yi masa bayani, cewa na'ura ba ta ganin haruffa a ciki, hoton takarda kawai take gani, kuma bugun ya tsufa ya dushe, manhajar da ke tsamo haruffa daga hoto shirme take fitarwa, sai dai mutum ya zauna ya sake bugawa da hannu. Ya ce ya sani. Tun ranar da aka kawo sikana aka gaya masa. Ya ce sanin ne dai bai taɓa zuwa ya zauna kusa da shi ba sai yau.

A lokacin kalma ɗaya ta rage masa a sashen, ita ce littafi. Ya bar ta ƙarshe don a ganinsa ita ce mai sauƙi. Kwamiti ma sun riga sun sa wata ta wucin gadi: duk fayil ɗin da ke da suna da murfi, wanda za a iya saukewa. Kawu ya ɗauki kati ya fita. Wannan karon bai tsaya wurin tela ba, bai tsaya wurin mai aski ba. Kwana da kwanaki ana ganinsa yana bin gefen titi a hankali, hannu ɗaya a kan aljihu, har bakin gadar da ke ƙarshen unguwa, ya tsaya yana fuskantar ruwa, ya juyo. Inna ta ce ko a gida in ta yi masa magana sai ta ji kamar daga wani ɗaki yake amsawa.

Ranar da ya kawo ma'anar, kati huɗu ne, haruffa manya-manya kamar na allon talla. Na jera su na fara bugawa. Littafi shi ne rubutun da zai iya isa ga mai karatu ta ido, ko ta kunne, ko ta yatsa. Abin da ido kaɗai ke iya kaiwa gare shi, sunansa hoton littafi.

Na kai tsakiya na tsaya. Ni na buga sauran ƙa'idar, na san abin da ke sashe na gaba: babban jeri, wanda manhaja ke nunawa da zarar an buɗe ta, littafi kaɗai ke shigarsa. Duk wani abu daban sai jerin gefe, wanda ba ya fitowa sai mutum ya bi ta wani lungu ya nema da kansa. Ma'ana, da wannan layi biyu Kawu ya kwashe aikinsa na shekara goma sha ya kai bayan gida.

"Kawu, ka san abin da ka rubuta kuwa?"

"Na sani, Gaggawa. Buga."

Ban buga ba. Na buɗe masa wuta. Na ce ɗalibai nawa ke zuwa shagon nan su sa in fitar musu da babi daga littattafan da ya ɗauka, su ba mutane ba ne? Suna da ido, suna karantawa, suna cin jarrabawa. Wa ke da lokacin bin lungu a waya? Abin da ba a gani a shafin farko ya mutu, kowa ya san haka. Na ce don idonsa ya tafi ba shi ne zai sa ya rufe wa masu ido ƙofa ba. Wannan maganar ta yi nauyi, na sani, amma a raina take kuma na faɗe ta.

Bai yi fushi ba. Ya tafi can cikin kansa, ni ina huci, sannan ya dawo. Ya ce mai ido in ya nema zai samu, wahalar taku biyu ce. Amma wanda ba ya gani, an ce masa ga littafi, ya buɗe ya tarar da bango, ya buɗe na gaba bango, har sau dubu, kuma ba wanda ya gaya masa tun daga waje. Ya ce shi ya gina bangon da hannunsa, da kyakkyawar niyya, kuma ba zai sa hannu a takardar da ta kira shi ƙofa ba.

Na ce to ni ba zan buga ba. Ya tattara katunansa yana lalube, ya ce ba komai, zai kai wa mai shagon tsallake. Mutumin da ke bugu da yatsa biyu, wanda ba ya iya layi ɗaya ba kuskure. Na fizge katunan na buga, ina yi ina share hawaye da gefen mayafi. Da yamma na je wa Inna da ƙara. Tana tsintar shinkafa ba ta ko ɗago ba, ta ce shekara nawa tana fama a kan ya daina sa takalmi ɗaya kullum bai daina ba, ni ce zan sauya masa ma'ana?

Ni na raka shi zaman kwamiti, ina riƙe da gwiwar hannunsa a kan matakala. A saman benen nan aka yi, ɗakin manyan tagogi, inda bai taɓa samun kujera ba yana ma'aikaci. Wasu suna zaune, wasu fuskokinsu na kan allon kwamfuta daga wasu garuruwa. Aka karanta ma'anar. Nan take kowa ya gane inda ta dosa, kuma ba laburarenmu kaɗai abin zai taɓa ba. Wani ya ce jerinsu zai koma kamar kantin da aka yi wa sata. Wata ta ce sake buga littattafan nan da hannu aikin shekaru ne, kuma ba a ware wa kowa shi ba. Gaskiya suka faɗa, ina zaune ina gyaɗa kai kamar da ni ake shawara.

Sai shugabar ta kawo mafita. Mace ce mai hankali, kuma tana ƙaunarsa. Ta ce a karɓi ma'anar Malam yadda take, amma a ƙara layi ɗaya a ƙasa: duk abin da aka ɗauka kafin ƙa'idar ta fara aiki, a bar shi a babban jeri a matsayin littafi. Injiniyan kwamitin ya ce wannan aikin minti kaɗan ne. Ɗakin ya saki numfashi. Ni har na matse hannun Kawu don murna, na ce shi ke nan, an raba gardama, kowa ya samu.

Shi kuwa ya juya fuskarsa wajen taga. Labule yana motsi, hasken rana ya kwanta masa a kumatu, ya yi nisa har na ji kunya, na fara taɓa shi da ƙafa ta ƙarƙashin tebur. Sannan ya ce, "Ranki ya daɗe, na gode. Amma wanda zai buɗe littafin bai san an yi mini alfarma ba. Bangon dai zai tarar. Kuma in aka bar su a gaba da sunan littafi, ba mai sake waiwayarsu, don a takarda aiki ya kammala."

Shugabar ta tambaye shi ko ya san cewa mai yiwuwa ko a jerin gefen ba mai waiwayarsu. Ya ce ya sani. Ta daɗe tana kallonsa. Aka yi ta ja, har aka ɗage zaman aka sake dawowa, daga ƙarshe ma'anar ta wuce ba tare da layin alfarma ba, da ƙyar. A kan matakala na sake riƙe gwiwar hannunsa. Muka sauka a hankali.

Watanni suka wuce kafin laburare ya juya jerinsa zuwa sabuwar ƙa'ida. Ranar da aka juya, da hantsi, na same shi a barandar gidansa a kan kujerar roba, Inna tana shanya a igiya. Ya ji takuna ya ce in buɗe. Na buɗe manhajar. Da, in ka ja jerin laburarenmu sai yatsanka ya gaji ba ka kai ƙarshe ba. Yau ja biyu na yi na taɓo ƙasa.

Ya ce, "Har ya ƙare?"

Na ce ya ƙare.

Ya sa na kunna muryar, ta karanto masa sunayen da suka rage. Ya ce in buɗe na farko, ta karanta. Na tsakiya, ta karanta. Na ƙarshe ma ta karanta. Ya gyaɗa kai. Ni kuwa takaici ya cika ni, na ce to ga shi nan, ya samu abin da yake so, sai ya huta. Inna ta daina shanya ta tsaya da rigar a hannu.

Can ya ce a hankali, nasa fa, suna nan? Na bi lungun, na danna nan na danna can, na same su. Suna nan dukansu a ƙarƙashin hoton littafi, murfi bayan murfi, ba ko ɗaya da ya ɓata. Na gaya masa. Ya miƙo hannu na ba shi wayar. Ya ce in ƙara mata haske har ƙarshe, na ƙara. Ya kai ta dab da fuskarsa, kusan tana taɓa hancinsa, ya karkata kai dama, ya karkata hagu, yana neman gefen idon da ya rage masa. Ya daɗe a haka. Ya nuna wani murfi ya tambaye ni ko wannan shuɗin ne. Ja ne. Na ce masa ja ne, Kawu.

Ya sauke wayar, ya shafa allon da babban yatsa kamar mai share ƙura, ya miƙo mini.

"Riƙe waɗannan a wurinki, Gaggawa. Na masu ido ne."

Na karɓa na sa a jaka. Inna ta juya ta ci gaba da shanya, ta daɗe tana gyara riga ɗaya a kan igiya.